Muryar da Ba a Kwafa Ba

"Wai mutumin ɗakin sanyin nan, yana magana kuwa?"

"Yana yi mana. Da injuna."

"Ni tunda na zo gidan nan, sannu kaɗai na taɓa ji a bakinsa."

"Ai ke kin ci riba. Ni gira yake ɗaga min."

Ma'aikatan nan biyu suka wuce suna dariya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ya ji komai, bai kuma ji haushi ba. Ko ba komai an tuna da shi.

Baban Firji suke ce masa a gidan rediyon, saboda ɗakinsa. Can ƙarshen baranda yake, ba taga, na'urar sanyi na huci don kada kwamfutocin ajiya su yi zafi. Kujera ɗaya ce a ciki, sai rigar sanyi rataye a ƙusa da kofin shayi da ya yi kanta. Duk shirin da aka taɓa watsawa yana hannunsa. Ba a nemansa sai abu ya lalace, shi kuwa ba ya bari abu ya lalace, don haka ba a nemansa.

Matarsa ma a nan ta yi aiki, ita ke gabatar da shirin gaishe-gaishe. Tun rasuwarta, ga 'yarsu tana aure a nesa, ba ya fita hutun rana. Sai ya saƙala abin ji a kunne, ya buɗe tsohon shirinta guda, ya ci abincinsa tana gaida mutanen da bai sani ba.

Ran nan muryar ta tsaya cak a tsakiyar gaisuwa. Tsohon faifan ajiya ya fara ƙas-ƙas. Ya san wannan ƙarar, faifai ne ke ban kwana. Bai tsorata ba, ai akwai kwafi. Da hannunsa ya rubuta ɗan jerin umarnin da ke kwashe komai zuwa faifai na biyu kullum. Ya leƙa can. Labarai suna nan, wasanni suna nan, har tallan sabulu. Shirinta babu ko ɗaya.

Ya buɗe rubutun nasa. Bai daɗe yana nema ba.

A tsakiya akwai umarnin eval, wanda ya sa tun yana sabon hannu. Shi eval ɗan aike ne da ba ya kai saƙo yadda aka ba shi, sai ya sake karantawa ya aikata abin da ya fahimta. Kowa a gidan yana haɗe sunan shirinsa ba tazara, ita kaɗai ke rubuta nata kamar tana hira: gaisuwar safiya ga masu jinya. Sai ɗan aiken ya tsinka sunan a kowace tazara, ya tafi neman wani abu wai shi gaisuwar, wani wai shi safiya. Bai samu ba, ya dawo yana kuka.

Kukan kuma ba wanda ya ji. A ƙarshen layin akwai 'yar wutsiyar da ke tura duk wani gargaɗi zuwa /dev/null, rami marar gindi. Ya tuna ranar da ya sa ta. Tsohon manaja ne ya leƙo yana yamutsa fuska: "Malam, wannan jan rubutun da ke cika min allo kowace safiya, kashe min shi, hawan jini yake sa ni." Yawancinsa ƙorafin banza ne, gaskiya. Amma ya haɗa mai ƙorafin banza da mai ihun gobara ya toshe musu baki tare.

Ya goge wutsiyar. Allon ya cika da ja, layi kan layi, kowanne da guntun sunan shirinta. Ashe shekara da shekaru injin yana kiranta a cikin rami.

Ya cire eval. Ya kulle sunan tsakanin alamun zance don ya tafi ɗungurungum. Gargaɗi ɗaya tak da ya san ba shi da illa ya rufe wa baki, sauran ya bar su su yi ta magana. Kwafi ya fara, a hankali, faifan na tafiya yana tsayawa kamar tsoho a matakala. In wuta ta ɗauke, ba lalle ya sake farkawa ba. Wutar gari kuwa babu tun safe, kuma da an rufe shirye-shiryen rana ake kashe janareto.

Ya fito tsakar gida yana ƙifta ido. Mai janareto na zaune a inuwa, ya riga ya ɗauko makulli.

"Ikon Allah! Baban Firji a rana? Koma ciki kada ka narke mana!"

Ya buɗe baki, muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka kashe injin nan sai na ce maka. Muryar maiɗakina ce ke ƙetarawa. In ba ka da abin yi, taho da kujerarka ka taya ni jira."