Alwala da Zoɓo

Da ruwan dam ya cinye mana gona a ƙasar Maradun, muka kwaso komatsanmu muka dawo Talata Mafara. Ni na kama dafa zoɓo ina sayar wa leburori. Maigida kuwa ya zauna a zaure kamar marar lafiya, ko kasuwa ya daina zuwa, don kada a tambaye shi me yake yi yanzu. Abin yana ci mini rai.

Sai mai sayar da abinci a sansanin ma'aikata ya aiko cewa zai riƙa ɗaukar zoɓona, amma da sharaɗin a wanke kwalabe da ruwan famfo, ba a cikin daro ba. Maigida ya taɓa dakon bututu a wurin dam na ɗan lokaci, kuma tun daga nan yake wa kansa kallon injiniya. Ya miƙe ya ce aikin nasa ne.

Ya kafa dakali, ya ɗora duro biyu, ɗaya na ruwa, ɗaya na zoɓo don cika kwalabe. Ya yi mini wurin wanki da siminti har da magudana. Da a nan ya tsaya, da lafiya lau. Amma karambani ya sa ya huda katanga ya fitar da famfo ƙofar gida, wai sadaka ga masu alwala, ya kuma gayyato dattawan unguwa buɗewa da la'asar.

Ina daga soro ina leƙe. Liman, wanda idonsa ya yi rauni, ya tsuguna ya yi bisimilla ya murɗa. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya ɗan yi jim, ya ci gaba abinsa. Kafin wani ya iya magana farin gemunsa ya koma ja wur.

Ladan ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga ai ba ruwa ba na!"

Liman ya lashi leɓe. "Na jiya tun ga kurkura. Alwala dai ba ta yi ba, amma citta ta ji."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Maigida ne kaɗai bai yi ba. Ashe da duron zoɓo ya haɗa famfon waje. Ya shigo ya sauya bututun ba tare da ya dubi kowa ba, ya naɗe kayan aikinsa a buhu, ya cusa ƙarƙashin gado.

Washegari na same shi a zaure, ya koma zamansa na da. Na ce, "Malam, wurin wanki na ɗiga, kuma ni ban san wani mai gyara ba garin ga."

Ya yi tsaki, ya ce mata ba su iya riƙon kaya ba, ya tashi ya jawo buhunsa. Har ya bar duniya ana kiransa gyaran famfo daga Bakura zuwa Ruwan Gizo, kuma ban taɓa gaya masa cewa ni na doke bututun wurin wankin nan da muciya ba.