Cakulan a Bakin Mayafi

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan motar ziyara a Madina. Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma malamin ne ya gaji da ni ya ce gona ta fi bukatata. Amma da na ɗauko alhazai sai in koma shehin tarihi. In kai su Uhudu, in kai su masallacin Kuba, abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in yi tari in ce a yi salati.

Ƙarshen yawon kullum wuri ɗaya ne, wata gonar dabino a bayan gari. Akwai raƙuma biyu da yara ke hawa, akwai shago inda ake cire ƙwallon dabino a tsoma shi cikin cakulan. Ta bayan gilashi ake kallon cakulan ɗin yana zuba kamar an kunce famfo. A bakin ƙofa kuma ga faranti, kowa ya ɗanɗana kyauta.

Ɗanɗanon nan ya zame mini sana'a ta biyu. Ɗaya a baki, biyu a aljihu. Haƙorana tara da suka rage su ne shaida. Na aljihun na Hajiya ne, matata. Duk wanda ya san ranar Madina ya san abin da ke isa gidanmu a unguwar Sih: kunu. Sai ta juya aljihun jallabiyar ta ce, "Alhaji, kai da girmanka? Tsaraba ce wannan ko wanki ka kawo mini?" Ta ɗauko cokali ta kankare, tana faɗa tana lasa.

Abu ɗaya ta roƙe ni, in kai ta ta ga famfon nan da idonta. Na ce sai bayan Hajji. Bayan Hajji na ce 'yan Umara sun taso. Na ce bari azumi ya wuce. Na kai matan Kano, na kai na Damagaram, na kai na ƙasashen da ko gaisuwarsu ban iya ba, tawa tana gida, tafiyar da kafin shayi ya huce an isa. Da ta daina tambaya har daɗi na ji. Wautata ta kai nan.

Sai mantuwa ta kama ta. Da fari gishiri sau biyu a miya. Daga nan sunayen jikoki. Wata safiya na shigo ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Maigidan ba ya nan." Likita ya faɗi sunan ciwon, mai tsawo ne, bai zauna mini ba.

Bara, bayan na ajiye aiki, na ce wa babbar 'yarmu zan kai uwarta gonar. Haihuwar nan ce ita, Hausarta rabi Larabci. Ta ce, "Halas ya Baba, a bar maganar, wahala kawai za ka ba ta, ba abin da za ta gane." Na ce ƙanshin zai tashe ta. Ban gaya mata abin da nake nema ba. So nake Hajiya ta dube ni ta ce kai da girmanka, ko sau ɗaya.

Muka fita ranar wata Alhamis da hantsi, ni da ita da 'yar da jikoki mata biyu. Na buɗe mata ƙofar gaba, ta ƙi. Ta ce ita ba ta zama kusa da namijin da ba nata ba.

A gonar jikoki suka ruga wajen raƙuma. Muka tsayar da Hajiya gaban gilashi. Ta daɗe tana kallo, bakinta a ɗan buɗe. Can ta ce, "Ashe gaskiya ya faɗa."

Na matso kusa da ita. Na ce, "Wa, Hajiya?"

"Maigidana. Na ɗauka cikin ƙaryarsa ce. Ya iya ta, Allah ya shirye shi."

Na ce to ga dama. Na je gaban farantin, na yi satata a hankali yadda za ta gani sarai, ɗaya a baki, biyu a aljihu, har da ɗan waige-waige. Ta gani. Ta taɓa 'yarmu ta ce, "Dubi direban nan, tsoho da shi, ko kunya."

'Yar ta juya baya tana gyara niƙabin da ba abin da ya same shi.

Sai Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki biyu. Ba ta ci ba. Ta ƙulle su a bakin mayafinta, ƙulli biyu, irin na ajiya. Ta ce, "Na Alhaji ne. Ya fi ƙuda son zaƙi."

A hanya ta leƙo daga baya. "Direba, taka motar mana, kar ya narke kafin ya dawo."

Na ce, "To, Hajiya." Na ƙure sanyin mota, na taka. Hanyar da na bi sau dubbai, ranar nan da ƙyar nake ganinta.

Da muka isa ta zauna daf da ƙofa, ƙullin a cinyarta, tana jiran Alhaji. Ni ina gefe a kan tabarma. Har aka yi la'asar tana nan, sannan barci ya kwashe ta a zaune. Cakulan ya riga ya ratsa mayafin. 'Yarmu ta zare shi a hankali za ta kai wanki.

Na ce ta bar shi, nawa ne. Na ce ta miƙo mini cokali.