Katin Baba a Cikin Littafina

Ranar wata Talata da hantsi, a ranin da nake aji biyar, muna tsinkar tumatir a gonarmu ta bakin kanal ɗin ban ruwa, sai na ga Baba ya saki kwando ya durƙusa, ya dafe kwiɓinsa. Jikinsa na karkarwa, ga rana ta take amma yana cewa sanyi yake ji. Maƙwabtan gona suka ciccibe shi zuwa bakin titi. Kowa na tambayar me ya same shi, ni kaɗai na sani, na kuma ja bakina na yi gum.

Wata uku kafin nan aka cire masa tsakuwar ƙoda a wani asibiti a Kano. Suka bar masa wata siririyar roba a ciki, suka ba shi kati mai ɗauke da ranar da zai koma a zare ta. Baba ajami yake karantawa, Inna kuwa ba ruwanta da takarda, don haka ni 'yar boko aka damƙa wa. Da yake ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, Malama yake ce mini. "Malama, ke ce agogona," ya ce. Ranar har tafiyata ta canza. Na soke katin a littafin lissafi, na koma harkokina: korar tsuntsaye, wankin kwanuka a kanal, carafke da 'yan uwana har sai Inna ta biyo mu da tsintsiya. Ran da katin ya faɗo daga littafin, ranar komawar ta wuce da kwana huɗu. Kwana huɗu kacal. Da na faɗa, da ranƙwashi ɗaya zan sha a wuce wurin. Amma na ji ba zan iya zubar da malantata ba, sai na mayar da katin cikin littafin. Duk sanda Baba ya tambaya, in ce da saura.

Daga asibitin Kura aka tura mu Kano, ɗakin gaggawa. Aka ba shi gado, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likitan ya duba fayil ya ga robar ta daɗe da wuce ranar zarewa, ya hau Baba da faɗa a gaban mutane, wai manoma tumatir ya fi musu ransu, saura kaɗan ƙodar ta lalace. Ina tsaye riƙe da fulas ɗin kunu. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai. "Laifina ne, likita. A yi haƙuri." Kwanansa tara a kwance. Tumatir ya ruɓe a gona, Inna ta yi ta masa mitar taurin kai, bai taɓa tanka mata ba.

Yanzu ɗana na latsa waya ta tuna masa komai, har lokacin shan magani. Baba ya rasu shekaru da dama bayan haka, kuma har ya koma ga Allah bai tayar da zancen ba, ni ma ban samu bakin neman gafararsa ba. Kunya ce ta hana ni, ita ce kuma take cina har yau. Bai daina ce mini Malama ba, amma bai sake ba ni ajiyar takarda ba.