Famfon Mutumin Mai Turare

A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa a Kano, duk namijin da ya shigo da ƙamshin turare da zaƙin baki, kafin shafin ƙarshe sai ya sa wata kuka. Da wannan karatun na zo Doha aikin injiniya, a matatar da ke raba ruwan teku da gishirinsa.

Manyan famfuna ne ke danna ruwan da ƙarfi har ya tacu, su ne kuma ke shanye mana wutar lantarki. Da aka tashi sauya tsofaffin, ogana ya ce ni zan zaɓa, ni zan sa hannu. Ban yi murna ba. In famfon ya fito macin wuta, sunana ne a takarda, kuma kwantiragina bana zai ƙare.

Dillalai biyu suka rage. Ɗaya fuska a murtuke, ya ajiye takardunsa ya fita, nan take na yarda da shi. Ɗayan ya zo da murmushi da kwalin dabino, ofishin ya cika da ƙamshi. Ya ce nasa ba ya cin wuta ko da zafi ya dafa teku. Na ce a raina, na san irinka, na karanta ka.

A gidanmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike a unguwar mai nema. Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi unguwar Fereej Abdel Aziz wajen wani tsohon bakanike, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya yi shekaru yana kwance famfunan kamfanonin biyu.

Ya saurare ni yana kurɓar shayi, sannan ya kwashe da dariya.

"Hajiya, famfo za a saya ko miji?"

"Baba, mutumin ya cika zaƙin baki."

"Bakin ne zai tura ruwan? Na mai ɗaure fuskar nan, a takarda salihi ne, don da ruwa mai sanyi suka gwada shi. Bari bazara ta shigo, ruwa ya ɗau zafi, gishiri ya ƙaru, a ga yadda yake haɗiyar wuta. Na mai turaren na sha ɗora sukudireba a jikinsa in kara kunne. Numfashinsa ɗaya, rani da sanyi. Khalas, shi ke nan."

Duk da haka ban saki jiki ba. Na nemi kowannensu ya kawo sakamakon gwaji da ruwan bazara. Mai turare ya aiko washegari. Mai ɗaure fuska har yau yana nema.

Na sa hannu a kan famfon mai turare. Dabinon kuwa na mayar masa, ban buɗe ba.

An sabunta min kwantiragi. Amma kullum da safe sai na tsaya gaban mitar wuta, sannan in ɗora sukudireba a jikin famfon in kara kunne. Ba mu kai shafin ƙarshe ba tukuna.