Kawu Hawainiya, Ma'aunin Gudun Titin Kasuwa

Kawuna, yayan mahaifiyata, direban tankar ruwa ne a ƙaramar hukuma, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya wuce giya ta biyu ba. Hawainiya ake kiransa a gareji, yana kuma amsawa har da ɗaga hannu. Matarsa ta ce ranar da ya ɗauko ta daga asibiti da ɗansu na fari, kafin su iso gida yaron ya fara rarrafe. Sharri take masa, amma ba sosai ba.

Ni tasi nake ja, don haka kun san jininmu ba zai haɗu a kan titi ba. In na ce, "Kawu, ɗan taka mana," sai ya ce, "Ɗana, ruwa na ɗauko, ruwa ba ya son girgiza." Ko babu ɗigo a tankar, amsar ke nan.

Ana nan shugaban sashen motoci ya gaji da ƙorafin unguwanni, wai ruwan safe sai rana ta take yake isowa. Ya kira Kawu ya ce ƙarshen wata zai karɓi mukulli ya mayar da shi gadin ƙofa. Kawu bai yi musu ba, amma ya daina cin abinci. Mukullin nan a wuya yake rataye shi da igiya, ko wanka zai shiga ba ya cirewa. Na tausaya masa ƙwarai.

Sai ga gwamnatin sama ta sakar wa ƙananan hukumomi ikon ƙayyade gudun mota a titunan cikin gari. Kansilolinmu suka ɗauki abin da zafi, kamar yaro ya samu sabon usur. Suka yi zama, suka yi cacar baki, suka yanke cewa titin kasuwa, wanda ya bi ta gaban makarantar firamare da asibitin haihuwa, kada a wuce kilomita ashirin a awa. Aka kafa alluna masu jan fenti. Mai faci ya ji daɗi, don ya samu wurin jingina taya.

Matsalar ita ce babu na'urar auna gudu. Ma'aikacin da aka tsayar da ido yake aunawa. In ya tare ka ya ce ka yi gudu, ka ce da me ya auna, sai ya nuna maka goshinsa. Kullum sai an raba faɗa.

Ran nan wani kansila ya iso zama a makare, yana haki yana ba da haƙuri.

"Ranka ya daɗe, bayan tankar Hawainiya na faɗa. Wallahi akuya ma ta wuce ni."

Shugaban ƙaramar hukuma ya ajiye biro. "Maimaita abin da ka ce."

Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Titin siriri ne, hannu ɗaya ake binsa, kwata a hagu, 'yan tebur a dama, babu ta inda za ka wuce tanka. Aka rubuta DOKA CE da manyan baƙaƙe a bayanta, aka ce Kawu ya riƙa shiga ta sama yana fita ta ƙasa, ya zagayo ta bayan kasuwa ya sake shiga, daga safe har yamma. Maganar gadi ta sha ruwa.

Mu 'yan tasi mun ga ta kanmu. Fasinja kan sauka ya yi cefane, ya tsaya ciniki, ya tako ya cim mana ya koma kujerarsa. Abokan sana'a suka tura ni in yi masa magana, tunda jinina ne. Na same shi yana goge madubi da hannun riga.

"Kawu, don girman Allah, ashirin fa aka ce. Kai goma kake yi."

"Sauran goman na bar wa 'yan makaranta," ya ce, ya ci gaba da gugarsa.

Na koma tasha cike da haushi. Amma gaskiya ɗaya ce, a watannin nan na ga mata masu ciki suna tsallaka titin suna hira, abin da ban taɓa gani ba. Kawu kuwa ya yi kumatu, ya fara sa guga a rigar aiki.

Abin bai daɗe ba. Ma'aikatar ayyuka ta sama ta farka ta ce titin nata ne, tunda ya haɗe da babbar hanya, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa a kansa. Aka tuge allunan, aka mayar da gudu hamsin, aka sayar da tankar ga 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Kawu ya cire mukullin ya miƙa har da igiyarsa, ya kama hanyar gida a ƙafa.

Sai dai mutumin da ya yi shekara da shekaru a kan sitiyari bai san gefen titi ba. Tsakiyar titin kasuwa ya bi, hannu a baya, yana tafiyarsa ta giya biyu. Ni ne a bayansa da fasinjoji, a bayana kuma motoci sun jeru har sha-tale-tale. Doka ta ba mu hamsin, amma ko mutum ɗaya bai danna hon ba.

Wani baƙo a kujerar gaba ya ce, "Direba, wane ne wannan ya tare hanya? Danna masa mana."

Na ce, "Malam, in kana sauri sauka ka wuce shi."

Bai sauka ba. Haka muka raka Kawu a giya ta ɗaya har ƙofar gidansa, ina goge ido ina ce wa fasinja rana ce ta dame ni.