Kardan biyu a cikin takabata

A unguwar Sharafiyya ta Jidda muke zaune a shekarun saba'in, ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran rediyo. Ni da maigidana duk muna yara iyayenmu suka ƙetaro da mu daga Sudan. Shi makaniki ne, warsharsa, wato garejinsa, tana can Khumra tsakanin rumbunan ajiye kaya, kowa Usta yake ce masa, har ni.

Lokacin ne kuɗi ya shigo gari, 'ya'yan masu hali suka fara sayen manyan motocin Amurka. Ran Juma'a bayan la'asar sai su fita bayan gari inda kwalta ta miƙe, motoci biyu su jera, a saki ƙyalle, su fizga. Kafin ka kai ƙarshen Fatiha an gama. Ban taɓa gani da idona ba, mata ba sa zuwa. Amma babu motar tsere da ta bar hannun Usta ba ta bi ta kunnena ba.

Akwai wani dogon bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, kardan ake ce masa, shi ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya. Mai kauri ba ya karyewa, sai dai yana cinye wa mota hanzarin tashi. Marar nauyi kuwa, mota takan zabura kamar an tsikare ta, amma ran da ya murɗe yana iya fasa ƙasan motar ya shigo ciki. Uwata maginiyar tukwane ce, tun ina ƙarama na iya ƙwanƙwasa tukunya in ji tsagar da ido bai gani ba. Don haka Usta yakan kawo kardan ɗin gida a buhu. In rataye ƙarfen da igiya, in buga masa gindin ludayi, in saurara.

"Hajiya, me ya ce miki?"

"Ya ce ka mayar da shi bolar da ka tsinto shi."

"Ke da shi bakinku ɗaya, wallahi."

"Sa mai kaurin, Usta. Ɗan mutane ne zai zauna a kansa."

Zai yi mita, ya ce ina tsufar masa da motoci, amma abin da na ce shi ake ɗaurawa. Ban san baƙi ko ɗaya ba, sai dai a warshar nan maganata ce ta ƙarshe, ko da ban taɓa taka ƙofarta ba.

Sai Allah ya karɓi abinsa a tsakiyar zafi. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ɗanmu, shi kaɗai gare mu, ya gaji warsha. Na san akwai motar ɗan kafilinsu, Balaraben da ya tsaya musu a kan warshar, da ake haɗawa, na kuma san kardan biyu ne a ajiye, mai kauri da marar nauyi, don Usta ya faɗa mini kafin ya kwanta. Kullum da yamma ina jin takun yaron a matakala, in kasa kunne ko zan ji ƙarar ƙarfe a buhu. Yau ya shigo da burodi. Gobe ya shigo da kifi. Masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, gida ya rage ni da fanka.

Ashe tsofaffin warsha ne suka ce masa bai kamata a kai wa mai takaba aikin mamaci ba, zai tayar mata da zuciya. Tausayi suka nufa. Ni kuma ba na roƙo, balle a wurin ɗan fari da ko sunansa ba na kira. Na yi shiru har wata biyu.

Wata Alhamis na kasa.

"Kai, wanne ka sa?"

Haifaffen Jidda ne, Hausa tana masa nauyi. "Khafif, ya ummi. Marar nauyin. Na auna shi, na karanta takardarsa."

"Takardar ta ji muryarsa?"

"Ummi, kina cikin idda. Ustoci sun ce aibu ne."

"Ubanka ne ya mutu ko kunnena?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Halas, shi ke nan, an riga an ɗaura. Gobe ne tseren."

Ran Juma'a na zauna jikin taga da carbi. Zan faɗi gaskiya, tsufa ya wuce ɓoye-ɓoye. Bakina yana roƙon Allah ya tsare ɗan mutane, amma can ƙasan raina so nake ƙarfen nan ya karye. Ba da gudu ba, a wurin tashi, motar ta yi kuka ta tsaya, kowa lafiya, a yi musu dariya. Sannan ya hawo matakalar nan ya ce, ummi, saurara mini wannan.

Gab da magariba ya shigo da tiren kunafa, kayan zaƙin Larabawa, rigarsa jiƙe da gumi. Murna ta kwashe masa Hausar gaba ɗaya, da Larabci ya ba ni labari. Sun ci, da tazarar mota guda da rabi. Kardan ko gezau. Samari uku sun riga sun ce a yi wa motocinsu irinsa.

"Kin gani, ya ummi? Yanzu ki huta."

Na ce mabruk, Allah ya ƙara. Ya yanka mini kunafa, na ci, tana da daɗi. Wancan fatan nawa kuwa na sha yi masa istigfari, ban taɓa faɗa wa yaron ba.

Ya yi shekaru yana haɗa motocin tsere, sunansa ya fi na ubansa. Ɗa ne mai biyayya, bai taɓa fashin Juma'a ba. Yakan zo ya zauna a gabana ya ba ni labarin abin da ya zaɓa, bayan an riga an yi tseren.