Zoɓon da Na Sha a Mashaya

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi mana wuya a Guangzhou. Wanda tasa ta ƙare sai ya tattara, babu wani lallashi. Tawa ta kusa ƙarewa, kuma jakunkunan matan da na zo saye ko yanka fatarsu ba a yi ba. Mai masana'antar da nake hulɗa da shi a Shiling aiki ya yi masa yawa, kowa na son a sa nasa a gaba. In bai ga dama ba, haka zan koma Kano hannu rabbana, ga Sallah tafe, ga 'yan kasuwar da na yi wa alkawari.

Lawban muke ce masa, wato maigida. Gajere ne mai yawan murmushi, kullum da kwalbar shayi a hannu. Duk sanda na tambayi kayana sai ya ce meyo, babu, ya ƙara mini shayi. Ni kuma Allah Ya yi ni da gajen haƙuri, sau da yawa sai na fita waje na sha iska kada bakina ya ja mini.

Wata rana ya aiko cewa zai fita da ni bayan magariba. Na tafi da wani abokina mutumin Maraɗi, mai shago a benen Tianxiu, wanda ya iya yaren Sin. A mota ya ja mini kunne.

"Alhaji, mutanen ga ba su gama magana sai bisa kofin giya. In ya ɗaga ya ce ganbe, shanyewa za ka yi. In ka ƙi kofinsa, shi ka ƙi."

"To kai yaya kake yi?"

"Ni ai ciwon ciki ke kama ni duk ranar da aka gayyace ni."

Na ce masa sannu da dabara. Ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuma a kan jaka zan fara ba. Sai dai na san abin da ƙin nan zai jawo mini.

Wurin da aka kai mu an shirya shi ne kamar bakin teku na ƙasar Meziko. An zuba yashi a ƙasa, an rataye malafuna masu faɗi a bango, ga bishiyar kwakwa ta roba, kiɗa na tashi, 'yan yawon buɗe ido sun cika ko'ina suna kallon wasanni a talabijin. Na shiga da babbar riga da hula, yashi na shiga takalmina, ina ta istigfari a zuci. Na roƙi Allah kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni, sai na tuna in ya gan ni ai shi ma ciki yake.

Mai haɗa abin sha ɗan Meziko ne, dattijo mai furfura a gashin baki. Daga baya ya gaya mini a garinsu na bakin teku ya koyi aikin, inda baƙi ke kwana rawa. Na ga yadda yake shafa lemon tsami a bakin kofi, ya dangwala shi a gishiri, ya girgiza gwangwani kamar mai kaɗa nono. Lawban ya sa aka kawo kofi uku. Ya ɗaga nasa da hannu biyu, ya ce ganbe.

Na ajiye hannuna a ƙirji na ce wa abokina, "Gaya masa ina ganin girmansa, amma addinina ya hana ni. Kada ka rage komai."

Ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Murmushin Lawban ya ɗauke. Kofinsa na nan a sama, bai sha ba, bai ajiye ba. Na ce a raina shi ke nan, jaka ta tafi.

Ashe dattijon nan yana kallonmu. Ya zo ya ɗauke kofina, ya dawo da wani dogo cike da jan abu da ƙanƙara. Na girgiza kai, har raina ya fara ɓaci, don na ɗauka wata giyar ya sauya mini. Ya ce da Turancinsa mai kama da nawa babu komai a ciki, na ƙi yarda. Sai ya koma bayan kanta ya ɗauko wata leda, ya buɗe ta a gabana, ya ɗebo abin da ke ciki ya zuba mini a tafin hannu.

Zoɓo ne busasshe. Na shinshina, na tauna ɗaya. Mahaifiyata da zoɓo ta raine mu. Ita ke noma shi a gefen gonar gero a ƙauyenmu, ta ɓare, ta shanya a kan tabarma, ta dafa ta ƙulla a leda. Yatsunta ba sa rabuwa da ja. Ban san sanda idona ya kawo ruwa ba, ina zaune cikin wannan kiɗa da hayaniya.

Dattijon ya juya wajen Lawban, abokina na fassarawa. Ya ce a garinsu wanda ba ya shan giya da wannan ake gaisawa da shi, kuma kofinsa kofi ne kamar na kowa. Lawban ya karɓi nawa ya shinshina. Sai ya ture nasa gefe, ya dafa cikinsa, ya yi wata doguwar magana. Abokina ya fashe da dariya.

"Ya ce likita ya daɗe da hana shi giya. Don kai ya zo nan, wai ya ɗauka duk baƙo irin wurin ga yake so."

Aka kawo zoɓo kofi uku. Muka ɗaga, muka ce ganbe, muka shanye. Babu citta, babu kanumfari, sukarin ma da ƙyar, da mahaifiyata ce da ta ce an ɓata ruwa. Amma ban taɓa shan zoɓon da ya yi mini daɗinsa ba. Mun sha har sau nawa ban ƙirga ba. Kafin bizata ta ƙare jakunkunana sun shiga kwantena.

Da na koma gida na je ƙauye na ba mahaifiyata labari. Batun mashaya na so in tsallake, ta ce in faɗa duka. Ta saurara har ƙarshe. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da zoɓon da ta ajiye na shanmu, ta ƙulla shi biyu, ta sa citta da kanumfari a kowane ƙulli. Ɗaya na Lawban mai ciwon ciki, ɗaya na dattijon.

Da na koma Sin na kai wa Lawban nasa. Da na je mashayar da rana, na tarar an share yashin, ana sayar da wayoyi a wurin. Na tambayi maƙwabta, babu wanda ya san inda ya koma. Ko sunansa ban tambaya ba.

Ban iya gaya wa mahaifiyata ba sai bayan shekara. Ta ce, "To sai mu sa shi a addu'a, ita ba ta ɓatan hanya." Har ta rasu, in ta idar da salla tana ambaton mai zoɓon Sin. Yanzu ni ne nake yi.